Doki Ya Dawo Gidanmu

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Fatakwal, yaya ruwan samanku da ba ya ɗaukewa? Mu nan kaka ta yi, an gama yankan gero, ana kan roron wake, sanyin hunturu ya fara leƙowa da asuba. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka manta hanyar gida ne.

Na ga bidiyon da ka turo mini ta waya, na mahayan nan na fim ɗin Turkiyya da aka fassara da Hausa, suna gangarowa daga kan dutse, ƙura ta turnuƙe. Na kalle shi ya fi sau goma. Ka rubuta a ƙasa, "Ka tuna?" To, yaya ba zan tuna ba? Shi ya sa ban kira ka ba, na ce gara in zauna in rubuta, domin akwai labarin da nake riƙe da shi yau mako uku, kuma ba na magana a tsaitsaye ba ne. Na sayi doki.

Kafin in gaya maka yadda aka yi, bari in mayar da kai baya. Ka tuna dokin kara? Mu zaɓi karan dawa mai kauri, mu lanƙwasa kansa, mu ɗaure da tsumma a matsayin linzami, mu ratsa shi tsakanin ƙafafu, mu yi ta sukuwa daga bakin rijiya zuwa gindin tsamiya. Kai kullum kai ne sarki, ni ne mai jafi. Amma ni da na koma gida, dokin gaske nake tararwa a turke, Hurden Baba Tsoho. Ba ingarma ba ne irin na fada, matsakaici ne, fari mai ɗigo-ɗigon toka a cinyoyi, gezarsa ta kwanta ɓangaren dama. Har yau idan na shaƙi warin harawar wake da raɓa ta taɓa, shi nake gani.

Baba Tsoho ba ya karyawa sai Hurde ya karya. Da an sallame sallar asuba zai wuce barga da carbi a hannu, ya tsaya ya dube shi tukuna kafin ya taɓa shi. Daga baya na gane abin da yake dubawa: ko ya cinye abincin dare, ko kashinsa ya yi tauri, ko yana sauke nauyi a kan ƙafa ɗaya. Sannan ya miƙo mini tsintsiya. Aikina ke nan tun ina ɗan shekara bakwai, share barga da cire kaska daga cikin kunne da ƙarƙashin wutsiya. Shi kuma ya dama dusa da ɗan jiƙon kanwa, ya auna gero da tafin hannu, ba ya taɓa zubawa da yawa a lokaci guda. Yakan ce cikin doki ƙarami ne, ba kamar na sa ba, kuma doki ba ya amai, abin da ya shiga ya shiga, in ya ɓata masa ciki sai dai a yi ta addu'a. Sai da na girma na ji likitan dabbobi ya faɗi wannan magana daidai yadda tsohon ya faɗe ta.

Ranar da ya fara ɗora ni ba sirdi, ba linzami, ragama ce kawai. Ya ce in riƙe geza, in matse da gwiwa, kada in dubi ƙasa. Ɗumin bayan dokin ya ratsa wandona, ina jin kowace tsoka tana motsi a ƙarƙashina. Ya ja mu har bakin tafki ya dawo, bai ce uffan ba. Da ya sauke ni sai ya ce, "Ya karɓe ka."

Sai kuma Sallah. Tun ana saura kwana uku ake fito da kaya daga adaka a shanya: sirdi mai tudu gaba da baya, zubuka, jalala, ɗan ƙirji mai tuntaye, likkafun nan masu faɗi da muke gogewa da toka da lemon tsami har su ɗauki ido. Baba Tsoho yana cikin masu rufa wa hakimi baya zuwa Gumel. Lokacin ma ba a yi Jigawa ba, muna jihar Kano, sai a 1991 aka raba. Sau ɗaya ya yarda muka bi su, ni da kai, a bayan akori-kurar ɗan'uwan Inna. Ka tuna yadda ƙarar bindigogin 'yan bindigar Sarki ta sa ka riƙe mini riga? Kakaki na tashi, algaita na amsawa, ga 'yan lifidi sun wuce kamar ɗakuna masu tafiya. Malaminmu na tarihi ya taɓa gaya mana cewa Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, amma ni ranar ba tarihi nake nema ba, Hurde nake nema a cikin dawaki fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Na hango shi lokacin jafi. Sun taho a guje su biyar, kafaɗa da kafaɗa, sai da suka zo daf da gaban Sarki suka ja linzami, dawakin suka yi zamiya, tsohon nan ya ɗaga dunƙulallen hannu sama. Mutumin da a gida sai ya dafa bango yake miƙewa.

Abin da ya biyo baya ka sani, amma ban taɓa gaya maka yadda na ji ba. Farin 1984. Gero ya bushe a tsaye kafin ya fitar da kai, rumbu ya koma fayau, harawa ta fi ƙarfin mai iyali. Gidan da ake auna tuwo da ludayi ba zai ciyar da doki ba. Baba Tsoho ya jure har ƙashin haƙarƙarin Hurde ya fara bayyana, sannan wata Alhamis ya tashe ni tun kafin kiran assalatu, ya ce in raka shi Maigatari. Bai hau ba. Da ƙafa muka tafi, yana riƙe da ragama, dokin na bin sa yana shinshinar kafaɗarsa. A kara wani dillali ya buɗe bakin Hurde ya duba haƙora don ya san shekarunsa, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, aka yi ciniki a cikin hannun riga. Da za mu juyo dokin ya yi haniniya. Baba Tsoho bai waiwaya ba, sai dai ya ƙara damƙe hannuna har na ji zafi. Mun dawo da hatsi a kan jaki. Turken nan kuwa bai yarda an cire shi ba har ya rasu.

Ina ganin shi ya sa na zama mayen finafinan kaboyi. Kai kana zuwa don harbe-harbe, ni don dawaki. Gidan kallon nan na bakin kasuwa, janareta na kuka, mu zauna a kan tabarma a gaban ƙaramar talabijin, kaset na yin tsalle-tsalle. Ba ma jin Turancin, ba mu kuma damu ba. Ni idona na kan yadda suke sakin ƙafa a doguwar likkafa, suna riƙe linzami da hannu ɗaya, da ƙarfen da ake buga wa dawakinsu a kofato, abin da namu na ƙasar rairayi ba su sani ba. A finafinan Indiya ma, da jarumi ya fito a kan farin doki sai in manta da waƙar. Shekarar da muka je Kano neman makaranta, kuɗin abincinmu muka haɗa muka shiga sinimar Plaza a Fagge, na ga doki a allo ya fi ɗaki girma, har numfashin hancinsa ana ji.

Ina son finafinan nan har gobe, amma akwai abin da suka ɓoye. Dokin fim ba ya cin abinci, ba ya gajiya, ba wanda ke share masa barga. Ya yi sukuwa tun safe har faɗuwar rana, a ɗaure shi a ƙofar shago, a fito a sake hawa. Dokin gaske in ya yi gudu mai tsanani, sai an zagaya da shi a hankali gumi ya bushe, numfashi ya daidaita, kafin a kai shi ga ruwa da hatsi. Wannan ne ke damuna da wasu samarin yanzu. Ƙilisa ta dawo sosai, har a garuruwanmu, kuma ina murna da haka. Amma za ka ga yaro ya karɓo dokin haya don hawan angwanci, yana zabga masa bulala a kan kwalta, yana fizgar linzami don ya miƙe tsaye a ɗauke shi hoto, har kumfar bakin ta koma ja. Linzaminmu na Hausa kaifi gare shi, an yi shi ne don hannun da ya san sassauci. Wallahi ranar da na ga haka a wani biki, sai da na bar wurin.

Na ji a rediyo cewa a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su. Na ji daɗi ƙwarai. Duniya za ta zo ta ga Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, ta ga alkyabba da laima. Ni dai da na ji, 'yan barga na tuna, waɗanda ke tashi cikin sanyi su yanko ciyawa wata da watanni don a yi hawan yini ɗaya.

To, ga yadda aka yi. Bana Allah ya ba ni wake da gyaɗa, harawa ta cika saman rumfa, na sayar da bijimin da na yi kiwo. Na tafi Maigatari ranar Alhamis da niyyar sayen ɗan maraƙi. Ina ratsa wajen raƙuma da dawakin da ake kawowa daga Nijar, sai na ga wani dukushi a ɗaure shi kaɗai, aharas ne, da ɗan fari a goshi, ramamme, gezarsa duk ƙarangiya. Na miƙa masa bayan hannu, ya shinshina, ya sa hancinsa a kafaɗata. Na buɗe bakinsa da kaina, haƙoran nono ne, bai kai shekara uku ba. Ban yi dogon ciniki ba. Da ƙafa na taho da shi gida, ta hanyar da muka bi da Baba Tsoho, duk da masu mota sun yi ta kirana.

Da muka shigo, Inna tana tankaɗe. Ta ɗago ta dube shi, ta ajiye rariya, ta nuna mini inda tsohon turken yake ba tare da ta ce komai ba. A nan na kafa sabo.

Ba a hau shi ba tukuna, kuma ba na gaggawa. Likitan dabbobi ya zo ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya ce a bar bayansa ya ƙara ƙwari. Yanzu ragama yake koyo. Ƙaramin ɗana, mai sunanka, shi ke riƙe da tsintsiya, kuma jiya na same shi yana cire masa ƙarangiya ɗaya-ɗaya yana yi masa hira. Sirdin Baba Tsoho yana nan a adaka, majayin da ake ɗaure shi a cikin doki ne kawai ya ruɓe, na kai wa baduku ya ɗinka sabo.

Don Allah ka yi ƙoƙari ka zo Babbar Sallah, ka taho da yaran su gan shi, su ma su san warin barga. In kana tahowa ka biya ta kasuwar Kurmi ka duba mini linzami marar kaifi, irin na koyon dukushi, zan ba ka kuɗin in ka iso. Ka gaishe da maiɗakinka da yara, da duk mutanenmu da ke can.

Wassalam,
Naka amini.