Amsa ga mai tambaya kan makarantun horar da limaman Katolika

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri.

A taron makon jiya ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni dalilin da ya sa 'yan Furotesta na Ingila suka shafe shekaru aru-aru suna yaƙar makarantun horar da limaman Katolika, alhali dukansu Kiristoci ne. Lokaci ya ƙure ban amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Saɓanin aƙida yana nan, ba na musu. Amma a ganina abin da ya hana su barci shi ne: limamin da aka horar a hannun wasu, wa zai yi wa biyayya?

A 1568 William Allen, wani limamin Katolika ɗan Ingila, ya buɗe makaranta a Douai, garin da a lokacin yake ƙarƙashin sarkin Sifen, don horar da samarin Ingila su koma gida a asirce. Shekara biyu bayan haka Paparoma Pius na biyar ya fitar da Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta Ingila daga cocin Katolika, ya ce talakawanta ba dole su bi ta ba. Daga nan duk ɗalibin Douai da ya sauka daga jirgin ruwa, kallon ɗan leƙen asiri ake yi masa. An kashe Cuthbert Mayne, limamin da aka horar a Douai, a 1577, a 1585 kuma majalisa ta mai da shigowar irin waɗannan limamai cin amanar ƙasa, hukuncinsa kisa. Mafi yawansu, a nawa hukuncin, hidimar mabiyansu kawai ta kawo su, amma tsoro ba ya tantancewa.

Abin da ya faru a Ayalan shi ya fi tabbatar mini da maganata. Juyin juya halin Faransa ya rufe makarantun da 'yan Ayalan ke zuwa, gwamnatin Birtaniya da ke mulkin Ayalan kuma ta ji tsoron kada ɗalibai su kwaso aƙidar tawaye daga waje. Sai ita da kanta ta amince a kafa kwalejin horar da limaman Katolika ta Maynooth a cikin Ayalan a 1795, tana ba ta kuɗi duk shekara. Gara a horar da su inda ido ke ganinsu.

A 1845 Firaminista Robert Peel ya ɗaga tallafin daga kusan fam 9,000 zuwa fam 26,000 a shekara, da ƙarin fam 30,000 na gine-gine. Ƙasa ta ɗauki zafi, mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardun koke. Sai dai ba bakinsu ɗaya ba. Wasu cewa suke haramun ne harajin Furotesta ya ciyar da koyarwar Paparoma. Wasu, musamman mabiya cocin da ba na gwamnati ba, cewa suke kada baitulmali ya ba kowace coci ko kwabo, har da ta Ingila. Hujjar waɗannan na biyun ta fi shiga kaina.

William Gladstone ya ajiye muƙaminsa na minista a gwamnatin Peel saboda wannan batu, ya kuma dawo ya jefa wa dokar ƙuri'a, abin da ya ɗaure wa mutane kai. Shi ne kuma, da ya zama firaminista, ya kawo dokar 1869 da ta raba cocin Furotesta ta Ayalan da gwamnati, ta tsayar da tallafin Maynooth bayan an biya kwalejin diyya dunƙule.

Na gode da tambayarka. A gaida mutanen gida.