Akuyar Sinawa da kan sarkin da na ajiye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Duk lokacin da Sinawa suka shiga sabuwar shekararsu, sai in ga an kawo labarin a layi biyu, a ce wai shekarar dabba kaza ce, a wuce. Ni kuwa da nake zuwa Guangzhou sarin kaya, abin yana damuna, musamman yanzu da shekarar akuya, 2027, take tafe.

Dabbobi goma sha biyu ne suke juya musu shekaru, daga ɓera har zuwa alade, akuya ce ta takwas. Ta zo a 1991, ta zo a 2003, ta sake zuwa a 2015. A watan Janairun 2015 ɗin ina Guangzhou, tafintana ya ce in raka shi gidan waya. Muka tarar da layi, dattawa sanye da rigunan sanyi, kowa yana jiran kan sarkin sabuwar shekara da aka fitar ranar 5 ga wata. Kuɗinsa yuwan 1.20 kacal, kuɗin Sin. Ya saya mini guda. Dabba ce mai manyan ƙahoni a naɗe, tana kallonka ido da ido, zanen Wu Guanying, malami a Jami'ar Tsinghua. Da na duba da kyau na ce masa ai wannan rago ne, ina akuyar? Ya ce su kalma ɗaya suke da ita, yang, ita ce akuya, ita ce tunkiya, ita ce rago. In suna son bambancewa sai su ce yang ta dutse, wato akuya, ko yang mai ulu, wato tunkiya. Shi ya sa Amurka ta kira nata kan sarkin na shekarar rago, mutanen Biyetnam kuma suka tsaya a kan akuya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne da ya ɗauki biro ya rubuta mini a bayan rasit. Harafin yang yana da ƙaho biyu a samansa. Ya ƙara harafin "babba" a ƙarƙashinsa, ya ce ga kalmar kyau. Ya nuna mini ƙahonin nan a cikin kalmar kirki, da ta albarka, da tsohuwar kalmar adalci. Ya ce iyaye kan nuna wa yara yadda ɗan akuya yake durƙusawa a kan gwiwoyinsa in zai sha nono, su ce ladabi ne ga mahaifiya. Na sha ganin wannan durƙuso a garken gidanmu tun ina yaro, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kansa ba sai ranar.

Shi kansa Guangzhou da 'yan kasuwarmu suke cika, kirarinsa birnin awaki. Tatsuniyarsu ta ce wasu bayin sama biyar suka sauko a kan awaki biyar, da zangarniyar shinkafa a bakunan awakin, suka raba mutanen garin da yunwa. Sassaƙen awakin na dutse yana nan a lambun Yuexiu.

Akwai ɓangaren da ban yarda da shi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Suna da karin magana cewa cikin goma da aka haifa a shekarar akuya, tara ba sa cika, wato ba sa samun sa'a a rayuwa. A ƙarshen 2014 wasu ma'aurata sun yi ta gaggawar haihuwa kafin 19 ga Fabrairun 2015, ranar da shekarar ta kama. Ni Musulmi ne, arziki da ajali na Allah ne, kuma yana min ciwo a ɗora wa jariri tabo tun bai buɗe ido ba. Sinawa da yawa ma ba su yarda da wannan ba.

Kan sarkin dabbar shekara kuwa, Sin ta fara fitar da nata a 1980 da biri, zanen Huang Yongyu, wanda aka sayar fen 8 (fen ɗari ne yuwan ɗaya), yau masu tarawa suna biyan dubban yuwan a kan ƙwaya ɗaya. Japan ma ta yi abin da ya burge ni. A katin gaisuwar 2003 an zana tunkiya tana saƙa mayafin wuya, da shekararta ta dawo a 2015 sai ga ta ta gama saƙar ta yafa.

Don Allah, Malam Edita, kafin Fabrairun 2027 a ba wa labarin nan shafi guda, a tambayi waɗanda suka zauna a can. Nawa kan sarkin yana cikin ambulan tare da rasit ɗin da tafintana ya yi rubutu a kai, in kuna son hotonsu zan aiko.

Naku,
Mai karatu daga Fagge, Kano