Masu kamfani a Birtaniya, ku daina yi wa 'yan kwangila kuɗin goro kan dokar IR35

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni fili in ja hankalin 'yan uwanmu masu kamfanoni a Birtaniya da masu aikin kwangila a can, kan dokar harajin nan da ake ce ma IR35, don na ga da yawa sai wasiƙar hukumar haraji ta HMRC ta iso sannan ido ke raina fata.

Dokar ba sabuwa ba ce, tun 2000 take. Manufarta a kamo mutumin da yake aiki sak irin na ma'aikaci amma ya buɗe ɗan kamfaninsa yana karɓar kuɗi ta nan don harajin ya yi sauƙi. A da ɗan kwangilar ne ke yanke wa kansa hukuncin ko dokar ta shafe shi ko ba ta shafe shi ba. A 2017 aka ɗora wa ma'aikatun gwamnati wannan nauyi, sannan daga 6 ga Afrilun 2021 ya hau kan manya da matsakaitan kamfanoni masu zaman kansu, bayan korona ta sa an ɗage da shekara ɗaya. A Satumban 2022 ministan kuɗi na lokacin Kwasi Kwarteng ya ce za a soke wannan sauyin, wata bai cika ba wanda ya gaje shi, Jeremy Hunt, ya ce dokar tana nan daram, to duk mai jiran a soke ya haƙura kawai ya shirya.

Abin da ke min ciwo shi ne yadda wasu kamfanoni saboda tsoro suke tattara kowa su ce duk ma'aikata ne a wajen haraji, ko su ce sun daina hulɗa da 'yan kwangila gaba ɗaya. Wallahi wannan zalunci ne, mutum a cire masa harajin albashi da na inshorar ƙasa kamar ma'aikaci amma ba shi da hutun shekara ba shi da kuɗin rashin lafiya, ranar da aka gama da shi kuma sai dai ya kama gabansa. Kuma doka ma ba ta yarda da haka ba, ta ce a duba kowane aiki da kulawa, a ba mutum takardar hukunci da dalilai a rubuce, in bai yarda ba ya yi ƙorafi kamfani ya amsa cikin kwana 45, in bai amsa ba harajin ya dawo wuyan kamfanin.

Shirin ba wani abu ba ne mai wuya in an zauna an yi. A san 'yan kwangila nawa ake da su da hanyar da kowa ya shigo. Sai a tambayi manajan da yake ganinsu kullum, wa ke faɗa masa lokacin zuwa da yadda zai yi aikin? Zai iya turo wani a madadinsa? Dole ne a ba shi aiki shi kuma dole ya karɓa? Don HMRC abin da ke faruwa a zahiri take dubawa, takardar yarjejeniya komai kyanta ba ta ceton kowa in aiki ya saɓa mata. Akwai manhajar CEST ta kyauta da HMRC ta tanada don tantance ko mutum ma'aikaci ne a wajen haraji, amma wani lokacin ba ta ma iya ba da amsa, kuma ma'aikatar ayyuka da fansho ta gwamnatin da kanta sai da ta biya kusan fam miliyan 88 saboda kuskuren tantancewa, ina ga ɗan kasuwa.

Masu ƙananan kamfanoni, duk da nauyin tantancewar bai hau kanku ba, kar ku miƙe ƙafa. An ɗaga ma'aunin ƙanƙanta daga cinikin fam miliyan 10.2 zuwa miliyan 15, kadarori daga miliyan 5.1 zuwa 7.5, ma'aikata har yanzu 50, sai an cika biyu cikin ukun, ku tambayi akanta yaushe zai fara aiki a kanku. Sannan kason mai ɗaukar aiki na inshorar ƙasa ya koma kashi 15 tun Afrilun 2025, ku sa shi a lissafi kafin ku yi ciniki da kowa. Masu bi ta kamfanonin laima, wato kamfanonin da ke ɗaukar ɗan kwangila a matsayin ma'aikacinsu su biya shi albashi su cire haraji, su ma su bincika wa suke hulɗa da shi, don daga Afrilun 2026 in kamfanin laimar bai biya haraji ba ana iya bin ejan ɗin da ya kawo ma'aikacin, in babu ejan a bi mai aikin kansa.

Na gode Malam Edita.

Mai karatunku daga Birtaniya