Wasiƙar Godiya ga Ofishin Babban Masallacin Garnaɗa

Zuwa ga Shugaban Masallaci, da Malam Liman, da Ladan, da ma'aikatan ofis da masu kula da lambu,
Babban Masallacin Garnaɗa, unguwar Albaisin, ƙasar Sifaniya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku da duk jama'ar masallaci. Da gangan na rubuta wannan wasiƙa da Hausa, kuma a bainar jama'a. Abokina da ke karatu a Jami'ar Garnaɗa ya ɗauki nauyin mayar muku da ita Sifaniyanci ya kawo ofis, amma so nake mutanenmu su riga ku karantawa. Yabon gwani ya zama dole, kuma duk wanda Allah ya nufa da zuwa garinku gara ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa.

Ni dai matafiyi ne mai ƙaramin guzuri. Jakar goyo ɗaya ce kayana, kwanana a masaukai masu araha inda ake jera gado kan gado, tafiyata kuwa a bas, sai in kuɗin jirgin ƙasa ya faɗi in hau. Daga Madrid na gangara Ƙurɗuba, na leƙa Ishbiliya, sannan na iso wajenku. A Ƙurɗuba na shiga masallacin da Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa a 785, na bi tsakanin ginshiƙansa masu ɗauke da bakuna ja da fari har na tsaya gaban mihrabi. Tun 1236 coci ne, ba a yin sallah a ciki, baƙo ya yanki tikiti ya kalla ya fita. A Ishbiliya ma na hau hasumiyar Hiralda, wadda Muwahhidawa, masu daular Musulunci daga Maroko, suka gina don kiran sallah, yanzu ƙararrawa ce a kanta. Na ga abin mamaki ƙwarai a garuruwan nan biyu. Sai dai duk kallo ne, sallolina kuwa a lungun gado nake yin su, ina kaffa-kaffa kada in taka takalmin wani.

Shi ya sa zuwana wajenku ya zama daban. Hawan Albaisin ba wasa ba ne ga mai ɗauke da jaka: lunguna ne ƙanana masu daɓen duwatsu, suna murɗewa kamar na cikin birnin Zariya, sai dai nan kowane lungu tudu ne. Na iso dandalin San Nikolas ina haki, wurin cike da masu ɗaukar hoto da masu kaɗa garaya irin tasu. Taku kaɗan daga nan ga ƙofarku a buɗe. Mai tsaron lambu bai tambaye ni daga ina ba, bai tambaye ni ko ni wane ne ba. Ya amsa sallamata, ya nuna mini wurin alwala, ya ce in na idar in zauna in huta, Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi ta garin, ba inda za ta je.

Lambun nan naku sadaka ce mai gudana, ko kun sani ko ba ku sani ba. Ba a karɓar ko sisi a ƙofa. Na ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba zaune kusa da maɓuɓɓugar ruwa, ga fadar Alhamra a tsallaken kwarin Darro, ga duwatsun Siyera Nebada a bayanta da dusar ƙanƙara a kansu. Da lokacin la'asar ya yi, ladan ya hau hasumiya ya kira sallah da muryarsa. Hayaniyar masu yawon buɗe ido ta ragu da kanta, wasu suka sauke wayoyinsu. Wata dattijuwa Baturiya ta matso ta tambayi ɗaya daga cikin ma'aikatanku abin da ake faɗa, ya tsaya ya yi mata bayani a tsanake, babu gaggawa babu ɗaga murya. Wannan halin na fi zuwa yabawa, domin na san ba a banza kuka same shi ba. An sayi filin tun 1981, amma sai a watan Yulin 2003 aka buɗe masallacin, bayan shekaru fiye da ashirin na jinkiri da adawa, da taimakon Sarki Hassan na biyu na Maroko da Sarkin Sharja. Mutanen da suka yi wannan haƙurin da sun ga dama su rufe ƙofa su ce nasu ne su kaɗai. Ku kuwa kuka buɗe ta ga maƙwabta da baƙi.

Allah ya gafarta Malam Liman, karatun da na ji a bayanka bai yi mini baƙunta ba ko kaɗan. Warshu ce irin wadda muka taso da ita a makarantar allo, fiƙihun kuma na Imamu Malik. Bayan sallah da na ce daga ƙasar Hausa nake, wani malami a ofis ya ja ni hira. Ni na kawo zancen Ashafa da ake karantawa a garuruwanmu da azumi, shi ya tuna mini cewa mawallafinta, Alƙali Iyal, ya taɓa riƙe alƙalancin Garnaɗa. Na ambaci Tuhufa da alƙalanmu suka haddace, ya ce mawallafinta Ibnu Asim ai ɗan garin ne, a nan ya yi alƙalanci, ya rasu a 1426. Muka gangaro kan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Liyo Afrikanus: a Garnaɗa aka haife shi, iyayensa suka yi ƙaura zuwa Fas, kuma a littafinsa da aka buga a 1550 ya ba da labarin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. Abin da ya burge ni shi ne malamin bai mayar da hirar zaman makoki ba. Da yawa daga cikinmu in an ambaci Andalus sai kuka da 1492, da yadda Abu Abdullahi, sarkin Musulmi na ƙarshe a Garnaɗa, ya miƙa makullan gari ga sarakunan Kirista Fardinan da Isabela. Shi kuwa tambayata yake yi yadda ake karatu a wajenmu yanzu, su wa ke koyar da yara, da wane littafi ake farawa.

Sai maganar ciki, wadda ita ce jarrabawar matafiyi Musulmi a Sifaniya. Ƙasa ce da ake rataye cinyar alade a kusan kowane gidan abinci, kuma takan ɓuya inda ba a zato. Wani matashi a ofishinku ya ɗauki takarda ya rubuta mini kalmomin da zan nuna wa mai kawo abinci, ya kuma gargaɗe ni cewa ko miyar tumatir mai sanyi ko wake, in tambaya tukuna, domin ana barbaɗa musu naman ko a dafa su da romonsa. Shi ya gaya mini al'adar garinku, cewa in ka sayi abin sha, ko da lemo ne, a yawancin wurare za a haɗo maka da ɗan abin taɓawa kyauta, kuma kana iya cewa kifi kake so ko zaitun. Mai ƙaramin aljihu ya san darajar wannan labari. Ya tura ni layin Kaldereriya Nuweba, inda gidajen shayi ke jere, na sha shayin na'ana'a da harira, miyar Maroko, mai zafi. Na ci soyayyen baƙin yalo da aka yaryaɗa wa zumar rake, abin da ban taɓa tsammanin zai haɗu ba, ya kuwa haɗu. Bai taɓa cewa in je shagon wane don ɗan'uwansa ne ba. Ya lissafa mini wurare ya ce in duba farashi a ƙofa in zaɓa. Abu guda da ban saba da shi ba har na bar ƙasar shi ne cin abincin dare ƙarfe tara ko goma. Wannan kam ba laifinku ba ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko, wani dattijo daga cikin jama'a ya riƙe hannuna ya ce ba zan tafi da yunwa ba. Ni da abokina muka bi shi gida, aka kawo kuskus da naman rago da kabewa a faranti guda, muka kewaye shi: mai gidan Basifaniye ne da ya musulunta, surukinsa ɗan Maroko, ga wani ɗan Senegal, ga mu. Harshe huɗu ake yi a kan farantin, kowa na taimaka wa kowa da hannu da dariya. Ku isar masa da gaisuwata, ya san kansa.

Game da Alhamra, shawararku ce ta cece ni daga asara. Kun ce in sayi tikiti tun da wuri a shafin hukumar da ke kula da fadar, in riƙe fasfo, kuma in kiyaye lokacin da aka buga mini na shiga fadojin Banu Nasar, gidan sarautar da ya gina Alhamra, domin in ya wuce ya wuce. Haka na yi. Na ga zakuna goma sha biyu ɗauke da kwanon ruwa a farfajiyar da Muhammadu na biyar ya gina, na ga taken gidan sarautar, "Wa la galiba illallah", an sassaƙa shi a bango ko'ina har ido ya gaji da ƙirga. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ruwa ne. Tun zamanin Ibnul Ahmar, wanda ya fara ginin a 1238, aka datse kogin Darro daga sama aka jawo shi ta magudana zuwa kan tudu, ba inji ba famfo, yana ratsa lambunan Janaralifa yana shiga ɗaki-ɗaki. Wanda ya fito daga garin da ake sayen ruwa a jarka dole ya daɗe a tsaye a nan. Kun kuma ce kada in bar gari ban leƙa makarantar da Yusufu na ɗaya ya kafa a 1349 ba, kusa da inda aka binne Fardinan da Isabela. Na je, ɗakin sallarta na nan da adonsa.

Daga wajenku na hau bas zuwa Almeriya don ganin wani aminina ɗan Maraɗi da ke aiki a gonakin rumfar leda na wajen El Ehido, inda ake noman tumatir da tattasai da kokwamba da ake kai wa sauran Turai. Aiki ne mai wuya, zafin cikin rumfa ba kama hannun yaro, kuma ba kowa ke da takardar izinin zama ba. Duk mai ganin hotunan Alhamra yana mafarkin Turai, ya kamata ya ga wannan ɓangaren ma. Ya dafa mini shinkafa da miya, muka raba dare muna hirar gida. Da na ba shi labarinku ya ce in ya sami hutu zai zo Juma'a, don haka in kun ga wani dogo mai yawan murmushi, baƙona ne.

A Balensiya na cika umarnin matashin nan na ofis, wanda ya ce lallai in sha orcata. Kunun aya ne tsaf, da sanyinsa, kuma har daga Nijar da Mali da Burkina Faso ake shigo musu da aya. Ku gaya masa na sha, kuma namu ya fi kauri.

Roƙona guda ne: in akwai hali, ku rubuta waccan shawarar ta abinci da tikiti a takarda ɗaya ku ajiye a ofis da Larabci da Faransanci da Turanci, ni kuma na ɗauki alkawarin fassara ta Hausa. Duk wanda hanya ta kawo shi Najeriya a cikinku, masauki na nan, tuwo na nan, kuma zan kai shi ya ji karatun Ashafa a inda ake yin sa.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa masallaci albarka, ya jiƙan waɗanda suka assasa shi.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan'uwanku matafiyi daga Zariya