Wasiƙa daga Samaru zuwa Alƙahira

Samaru, Zariya.

Aminina Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu yana tafiya daidai, sanyin Masar kuma bai takura maka ba. Mu nan sai godiyar Allah. Da na je Jibiya hutu na leƙa gidanku, Hajiya tana nan lafiya, ta ce ka riƙa yawaita kira.

Saƙonka ya iso. Tambayar da ka rufe shi da ita ce ta sa na zauna na rubuta maka wasiƙa. Ka ce kai dai ka san in ka gama karatu, marasa lafiya za ka duba, ni fa da kimiyyar siyasa da hulɗar ƙasa da ƙasa, kansila zan tsaya ko me? Kawu ma kullum tambayarsa ke nan. Na san ba da raini ka yi ba, don haka bari in amsa maka tsakani da Allah.

Ba dabarun cin zaɓe ake koya mana ba. A aji ɗaya da aji biyu tushe aka yi ta aza mana: mece ce hukuma, me ke sa mutane su yi mata biyayya, tsarin mulki, tarihin tunanin siyasa, sai ƙididdiga. A aji uku ne karatun ya kama ni, da muka shiga ra'ayoyin masana kan zaman ƙasashe. Wasu sun ce duniya ba ta da sarki, kowace ƙasa maslaharta take karewa da gwargwadon ƙarfinta. Wasu sun ce ciniki da yarjejeniya da ƙungiyoyi suna iya ɗaure hannun mai ƙarfi. Akwai kuma masu cewa ƙasashe irin namu an gina tattalin arzikinsu ne don su riƙa fitar da ɗanyen kaya, don haka 'yancin nasu ragagge ne. Ina sauraron lakca, amma garinmu nake gani.

Kana can lokacin da abin ya faru, a waya kawai ka ji. Ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yamai. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, ta ba da wa'adin mako guda, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da suke amfani da shi. Ni da idona na ga manyan motoci jere a Magama, bakin iyakar Jibiya, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna kwana, yaran mota suna dafa shayi a gefen titi, albasa tana tsiro cikin buhu. Goggona da ke aure a Maraɗi ta haihu, mahaifiyata ba ta samu zuwa suna ba. A takarda sunan abin matsin lamba kan sojoji. A ƙasa kuwa, mai tura kura da mai canjin sefa ne suka ji a jikinsu.

Kada ka ɗauka ina goyon bayan juyin mulki. Ba na yi, soja ba shi da hurumin ƙwace abin da ƙuri'a ta bayar. Amma karatun nan ya koya mini in tambaya: wannan mataki, wa zai biya kuɗinsa, kuma zai kai ga abin da ake nema? An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 ba tare da Bazoum ya koma kujerarsa ba. Nijar da Mali da Burkina Faso suka haɗe kai a ƙawancen ƙasashen Sahel da ake kira AES, suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan Katsina damar shiga Damagaram ba biza har kwana 90, ga ta ta yi asarar ƙasashe uku. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne watan Agustan 2023. Tawagar farko ta ECOWAS, da Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi, ta dawo ba ta ga Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, ba. Bayan 'yan kwanaki Khalifa Muhammadu Sanusi II ya gan shi, sannan tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta zauna da shi. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da tura soja, sanatocin Arewa suna tuna wa kowa cewa jihohi bakwai ne ke da iyaka da Nijar. Littattafan da muke karantawa galibi daga sulhun Westphalia da ƙasashen Turai suka yi a 1648 suke faro labari, ƙasa da ƙasa kawai suke gani, ba su da babin zumunta, ko na almajiri da malaminsa, ko na auratayya. Alhali mu ma muna da namu tarihin. Wasiƙun da Muhammadu Bello na Sakkwato da Shehu al-Kanemi na Borno suka yi ta aika wa juna a kan halaccin yaƙi, ai diflomasiyya ce tsantsa. Mai Idris Aloma na Borno ya tura jakadu har Istanbul tun a ƙarni na 16. Ni a ganina ɗalibin da ya haddace ra'ayoyin Turai bai san waɗannan ba, rabin karatu ya yi.

Shi ya sa na zaɓi in rubuta kundin kammala digirina a kan yadda rufe iyakar ya shafi fatauci tsakanin Jibiya da Maraɗi. Zan zauna da direbobi da 'yan kamasho da matan da ke sarin kayan miya, in ji daga bakinsu. Malamin da ke duba aikin ya amince, sai dai ya ja kunnena kada tausayi ya hana ni kawo hujjar ɗaya ɓangaren, kuma gaskiyarsa.

Batun aiki, ba zan yi maka daɗin baki ba, da wuya. Akwai Ma'aikatar Harkokin Waje, akwai hedikwatar ECOWAS a Abuja, akwai aikin jarida da koyarwa, amma masu nema sun fi guraben yawa. Na fara koyon Faransanci da yamma, don duk wanda zai yi aiki a kan wannan yanki ba ya jin sa, hannunsa ɗaya ne a ɗaure.

Ina da roƙo. A garin da kake zaune ne shugabannin Afirka suka yanke a 1964 cewa za a bar iyakokin da Turawa suka shata yadda suke, kuma Azhar ta daɗe da masaukin ɗaliban Borno. In ka samu sarari ka zaga shagunan littattafan da ke bayan masallacin, ka duba mini ko akwai wani abu da Larabci a kan alaƙar Masar da Borno ko Sakkwato. Ka faɗa mini kuɗin, in ba ƙaninka a nan. Ka gaishe da 'yan gida da kuke tare, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Naka,
Amininka na Samaru