Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Lafiya Kan Tirelolin Da Ke Gudun Tolget Suna Bi Ta Cikin Garinmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Lafiya,
Shugaban Majalisar Sarakunan Jihar Nasarawa,
ta hannun Hakiminmu.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka ne, mazauna ƙauyukan bakin titin Akwanga zuwa Makurdi. Da abin na haƙuri ne da ba mu dami fada ba, amma tura ta kai bango.

Ranka ya daɗe, daren Larabar da ta wuce wata tirela ɗauke da doya ta bar babban titi don gudun biyan kuɗin tolget, ta shigo hanyarmu ta burji ba ko fitila. Tana hawa kwalbatin bakin kasuwa ya karye, motar ta kwanta a kan katangar makarantar Islamiyya. Allunan yara da tabarminsu har yanzu suna ƙarƙashin bulo. Da asuba ce ta yi, da yau gawarwakin jikokinmu muke ƙirgawa. Direban ya tsere, yaron mota aka samu yana rawar jiki. Tun ranar ko keke-napep ba ya ƙetarewa, mai ciki sai an ɗauke ta a kan babur an zagaya ta gona.

Ba gaba muke da gwamnati ba. Mun san da bashin bankin China aka yi wannan titi mai tsawon kilomita 227 daga Abuja, kuma bashi biyansa ake yi. Mun tuna Obasanjo ya soke tolget a 2003, muka ga yadda tituna suka koma ramuka. Shi ya sa da Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta buɗe karɓar kuɗin a watan Fabrairun 2025, aka kafa ƙofofi a Keffi da Akwanga da Lafiya da Makurdi, ba mu ce uffan ba. Ƙaramar mota naira 500, jif 800, bas 1,000, babbar mota 1,600. Mun kuma gode da aka ɗauke wa babur da keke-napep.

To amma Allah ya taimaki Sarki, naira 1,600 ɗin da mai tirela yake gudu, mu ne muke biyanta da hanyarmu da katangunmu da barcinmu. Hanyar nan da gayya kakanninmu suka share ta, ba don mota mai taya goma sha takwas ba. Ga shi mu ba mu tsira ba: manomin da gonarsa ke ƙetaren ƙofa, in ya ɗauko akori-kura don kwaso riɗi, ya biya zuwa ya biya dawowa, sai ka ce Fatakwal ya nufa. Direba kuma a kan fasinja yake fanshewa.

Mun je wurin dagaci, mun je ƙaramar hukuma, mun rubuta, mun sake rubutawa. An ce za a duba, an zo an ɗauki hoto, an tafi. Matasa sun taɓa gindaya itace a bakin hanyar, mu dattawa muka sa suka janye don kada a ce mun ɗauki doka a hannu. Yau kunyar haɗa ido da su muke ji.

Muna roƙon Sarki, uban ƙasa, ya sa baki a kafa ƙarfen da zai hana manyan motoci shiga hanyarmu, a kuma ajiye jami'an tsaro a mahaɗar da dare. A gyara kwalbatin kafin damina ta kankama, a tayar da katangar makaranta, kuma mai motar ya biya, tunda lambarta na hannunmu. Muna roƙon a yi wa mazauna kusa da ƙofa kati na musamman ko ragi. A yi mana gadar ƙetarawa saboda yara. Amma ƙarfen nan, ranka ya daɗe, shi ne gaba da komai, don daren jiya ma tireloli biyu sun shigo, suka tarar ba hanya, suka juya a filin Idi.

Matasa sun ba mu mako biyu. Mun roƙe su su jira amsar fada.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Talakawanka masu biyayya,
Masu unguwanni, limamai, shugabannin matasa da na mata, a madadin al'umma.