Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiyarmu ta masu sassaben zamani (renon itatuwan da ke toho da kansu a gona)

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa.

Tarukan wata-wata mun yi su kamar kullum, ban da na tsakiyar damina da noma ya hana.

Babban abin farin cikinmu a bana shi ne ranar sassabe da muka yi gab da saukar ruwa. Duk wanda ya tashi a jihar Maraɗi ya san yadda ake a da: manomi ya hango jami'in daji sai gabansa ya faɗi, domin ko itacen da ya tsiro a gonarsa ana ɗaukarsa na hukuma ne. Shi ya sa iyayenmu ke tumɓuke toho tun bai tasa ba. To ran nan da idonmu muka ga jami'in daji durƙushe gaban kututturen kalgo, ɗaya daga cikin dattawanmu na nuna masa yadda yake zaɓen toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ya sare sauran, ya datse rassan ƙasa, ya ɗaura jan ƙyalle don kowa ya san itacen yana da mai shi. Jami'in ya ce: "Baba, sake yi in gani." Wallahi sai da idona ya ciko.

Daga nan ya fassara mana dokar da gwamnatin Nijar ta fitar a watan Yulin 2020 kan wannan aiki, wadda ta amince da haƙƙin manomi kan itacen da ya raina a gonarsa. Iyayenmu mata ne suka fi yin tambaya, musamman kan rassan sabara da suke girki da su. Muka zagaya gonakin da gawo ya yi yawa, matasa suka ji dalilin da ya sa gero ke kyau a ƙarƙashinsa: yana zubar da ganye da damina, ga taki, ba inuwar da za ta danne shuka. Aikin da aka faro a Maraɗi tun 1983 ya kai kadada kusan miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram, kuma a ranar mun ji cewa da hannunmu a ciki.

Sai abin da bai yiwu ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi barci kan takardun gonaki. Ba mu yi barci ba. Kwamitin filaye na gari, wato Kofob, ba ya ba da takardar shaida sai an taka gona, an ga iyaka, maƙwabta sun shaida. Wannan yana son man babur da hoto da kwafin takardu, asusu kuma babu komai a ciki. Alamun da muka ce za mu kafa a iyakar burtali su ma a nan suka tsaya. Babu wanda ya tilasta mana shiga wannan tsari, mu muka kai kanmu, hukuma kuma tana duba ko mun cika alkawari.

Sintiri ya fi ba ni takaici. Mutanen da suka yi bara su ne suka yi bana. Da rani aka sassare gawo a gonar wata bazawara cikin dare, da safe muka tarar da ita tsaye tana tattara 'ya'yan da awakinta za su ci. Waɗanda suka fi ɗaga murya a kan haka ba su taɓa fita sintiri ko dare ɗaya ba, kuɗin shekara ma ba su biya ba. Na bi gida-gida har na fara jin nauyin yin sallama.

Wanda ba shi da kuɗi a hannu ya kawo tiyoyin gero, ma'aji zai ƙiyasta. Wa'adi shi ne taron farko bayan an gama ɗaurin damma, kuma da sunayen waɗanda suka biya za mu fara kai wa Kofob.

Magatakardan ƙungiya